Tambayar Juma'a ta Malam Gwadabe

Duk wanda ya yi makarantarmu, wadda ke bayan Titin Bauchi kafin a gangara Farin Gada, in ka ce masa Malam Gwadabe, ranar Juma'a zai fara tunawa kafin ya tuna fuskar mutumin. Na zauna a ajinsa shekara uku ina yarinya, na kuma dawo na yi aiki tare da shi shekara shida ina malamar kwamfuta, don haka ina ganin ina da bakin ba da labarinsa. Akwai ma dalilin da ya fi wannan. Ni ce na kusa kashe masa abin da ya fi so a duniya, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Sunana Ummusalma, amma shi ba ya kirana haka sai in magana ta yi nauyi. 'Yar Direba yake ce min, tun ina aji ɗaya har na yi aure na haifi uku.

Malam gajere ne siriri, da wata tsohuwar kwat ruwan toka da yake ɗorawa a kan kaftani, rani da damina. Labarin ƙasa yake koyarwa. A Kuru aka haife shi. Mahaifinsa leburan kuza ne, ya hawo dutsen nan na Jos tun zamanin da ake haƙa, tari kuma ya yi ajalinsa Malam yana ɗan shekara sha huɗu. Yakan ce abu biyu ya gada a wurin tsohon: kwanon wankin kuza da yawan tambaya.

Ga yadda yake yi. Kowane zango sai ya bi malamai da roƙo har an bar masa darasin ƙarshe na ranar Juma'a. Saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa, lokacin da kowa hankalinsa ya yi gida ko masallaci ko filin ƙwallo, sai ya rufe littafi, ya share kusurwar allo da gefen hannunsa, ya rubuta tambaya ɗaya. Me ya sa kududdufan da masu kuza suka bari ba sa ƙafewa ko da rani? Me ya sa dankalin Turawa yake yi a Bokkos amma ba ya yi a Kano? Me ya sa masu tumatir ke rufe bakin kwando da ciyawa, ba da leda ba? Sai ya karkaɗe allin hannunsa ya ce, "Sai Litinin." Ko kuka za ka yi ba zai ƙara maka kalma ɗaya ba. Dokarsa guda ce: ban da littafi, mutum mai numfashi za ka tambaya.

Wallahi tambayar nan takan hana mutum sakat, kamar tsakuwa a takalmi. Ranar Asabar sai ka ga yara sun bazu a Farin Gada suna damun jama'a. 'Yan kasuwa har sun gane mu. Dillalan kabeji da masu lodin manyan motoci sukan ce, "Ga 'yan Gwadabe nan, yau kuma me ya aiko ku?" Wani ya kore ka, wani ya yi maka ƙarya don a yi dariya, wani kuma ya ajiye buhun da ke kansa ya zauna ya yi maka bayanin da ba ka taɓa ji ba. Ranar Litinin kuwa ajin kamar an ɓalle kasuwa. Ko malalacin da ba ya zuwa makaranta sai ya ga dama, ranar Litinin da shi ake buɗe ƙofa, don kada a ba da amsa ba ya nan.

Ina aji ɗaya ya tambaye mu abin da ya sa Jos ke da sanyi alhali Bauchi, da ba ta kai tafiyar awa biyu ba, zafi kamar gidan burodi. Babana, Salisu, direban bas ne a tashar Titin Bauchi. Na tambaye shi yana wanke mota. Ya dube ni ya ce shi ba ɗan boko ba ne, amma in shirya gobe da safe. Ranar Lahadi ya zaunar da ni a gaba, kusa da shi, ina sanye da suwaita biyu. Muna wuce Tilden Fulani ya ce in lura da ƙafarsa, ba ya taka mai, birki kawai yake taɓawa. Kafin mu kai Magama na cire suwaita ɗaya, a Magama na cire ta biyun. Ya saya min rake, ya ce, "Kin gani ko? Mu a kan soro muke zaune, su suna tsakar gida." Da za mu dawo motar na ta nishi a hawa, yana dariya yana lallashinta kamar tsohuwar jaka. Ranar Litinin na faɗi wannan a aji. Malam ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango ya yi rubutu. Daga ranar na zama 'Yar Direba.

Shekaru suka shuɗe. Na yi karatu, na dawo makarantar da aiki, na tarar da shi da kwat ɗinsa da littafinsa, sai dai furfura ta cinye gemun.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta ba makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in, waɗanda yara ke kira tab, aka kafa mana sola da intanet. Shugabar makaranta, Misis Obiageli, ta damƙa min makullin kabad ɗin. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Kuma ba zan yarda a ce abin bai yi amfani ba, don har gobe ina faɗa da masu cewa haka. Yaran da ba su taɓa ganin teku ba sun gan shi yana tumbatsa. Sun ga dutse na aman wuta. Wata yarinya, Firisila, da ba ta iya buɗe baki a aji, a kan tab ta koyi karatu da ƙarfi, don shi ba ya yi mata dariya in ta yi kuskure.

Mutane sun zaci Malam zai yi tawaye. Ko kusa. Ranar farko ya jawo kujera ya ce in nuna masa taswira. Ya yi ta jan hoton da yatsa har ya kai Kuru, ya nemo rufin gidan mahaifinsa da kududdufin da ke bayansa. Ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce, "Ikon Allah. Da Baba ya ga wannan, da ya yi tambaya har a gaji da shi."

Juma'ar farko ce ta kawo matsala. Ya rubuta tambaya a kan ƙanƙarar da ke sauka a Jos, bai ko ajiye alli ba wani yaro mai rawar kai, Ashraf, ya ɗaga hannu ya karanto amsa tiryan-tiryan. Daidai kuma take. Malam ya ce, "Daga wa ka ji?" Ashraf ya ce, "Daga tab, Malam." Malam ya ce, "To, ka gaishe shi." Yara suka yi dariya, aka tashi. Ranar Litinin babu wanda ya ko tuna an yi tambaya.

A ɗakin malamai na tare shi, don ni ba na iya barin magana ta kwana. Na ce ai ya kamata ya yi murna, abin da muke wahalar kwana biyu a kai yanzu cikin ƙiftawar ido ake samu. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "'Yar Direba, ni ba na faɗa da na'ura. Babur ɗina ma na'ura ne. Abin da nake cewa, ba a ba yaro ruwa kafin ya ji ƙishi. In kin ba shi, ƙafa zai wanke da shi." Na ce zamani ya canza. Ya ce, "Ya canza. Ƙishi ne bai canza ba."

Sai ya sake dabara. Ya sa ana mayar da tab cikin kabad kafin ya rubuta tambaya. Tun da ba kowane gida ke da babbar waya da data ba, abin ya ci gaba da numfashi, ko da ba kamar da ba. Cikin yara arba'in akan samu goma da suka tambayi mutum. Da goman nan yake rayuwa, kuma ina ganin yadda yake shigowa da sauri ranar Litinin.

Ana haka takardar ritayarsa ta zo. Shekara talatin da biyar cif, kuma ranar da za su cika ta faɗo a wata Juma'a a tsakiyar zango na biyu. Misis Obiageli ta kira ni ofis. Hausarta irin ta 'yan Jos ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ta ce, "Malama, wannan Baba ya yi aiki sosai fa. Kai ne yarinyansa. Yi wani abu da kwamfuta, mek yara no foget am." Wato kada yara su manta da shi.

Nan take dabara ta faɗo min, kuma na ɗauka babu wanda ya kai ni basira. Na je na ce Malam ya ara min baƙin littafin nan in duba. Ya miƙo min bai ko tambayi dalili ba. Ashe littattafai huɗu ne, an ɗinke su wuri guda. Tambayoyi dubu da ɗoriya, wasu yakan maimaita su bayan 'yan shekaru in sababbin yara sun zo. Kowace da kwanan wata, a gefe kuma sunayen yara da wasu 'yan kalmomi. Abin da ya ba ni mamaki, babu amsa ko ɗaya a ciki. Na ce a raina, kai, tsohon nan bai samu lokacin kammala aikinsa ba, bari in kammala masa. Wata biyu ina zama bayan an tashi, ina buga tambayoyin, ina nemo amsar kowace a intanet, ina jera su da lamba. Sunayen da ke gefe kuwa na bar su, don na ga za su cika wuri ne kawai. Na zuba aikin a kan kowane tab, yadda ko babu intanet zai buɗe, na kuma tura wa iyaye a waya. Har suna na raɗa masa: Taskar Malam Gwadabe.

A wurin taron safe aka ƙaddamar, saura mako takwas ya tafi. Aka yi tafi, Misis Obiageli ta rungume ni. Malam ya karɓi tab ya sa tabarau, ya yi ta jan shafukan sama. Sai ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ina sunayen?" Na ce, "Waɗanne sunaye, Malam?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya juya ya yi wa kowa godiya.

Juma'ar da ta biyo baya ya rubuta tambaya, tab na kulle a kabad. Kafin ya juyo wani daga baya ya ce, "Lamba ɗari biyu da sha bakwai ce, Malam, tana wayar Mama." Aka bushe da dariya. Goman nan ma da suka rage ba su ƙara zuwa Farin Gada ba, don ga amsa a gida, an yi mata lamba. Juma'a ta gaba da ƙararrawa ta kusa, sai kawai ya rufe littafi ya ce a tashi lafiya. Haka aka yi Juma'a shida kusurwar allon nan babu komai.

Garin gyaran gira na tsone ido, amma girman kai bai bar ni na gani ba. Haushi ma nake ji. Wata biyu bayana yana ciwo, ko sannu ta kirki ban samu ba. Ranar wata Laraba na same shi shi kaɗai a ɗakin malamai, na ce, "Malam, in laifi na yi a faɗa min, wannan shirun ya ishe ni."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya jawo baƙin littafin ya yi ta buɗawa har ya kai wani shafi da ya yi ja don tsufa, ya juyo min da shi. Tambayar sanyin Jos ce. A gefe, da rubutunsa mai kwanciya, an sa: Ummusalma Salisu, daga babanta, direba, ya kai ta har Magama. Sannan ya buɗe tab ya nuna min lamba ta casa'in da uku, inda na rubuta layi uku a kan tsawon ƙasa daga teku da yadda iska ke sanyi in an yi sama. Ya ce, "Ummusalma, amsarki daidai ce, ta ma fi ta babanki daidai. Wacce kike tunawa?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar babana. Na tsaya ina kallon sunansa a littafin wani, sai ga ƙanshin raken nan da ƙarar injin a hawan Tilde sun dawo min gaba ɗaya. Na yi kuka a gaban Malam kamar 'yar aji ɗaya. Kewar babana ta kama ni, ga kunyar abin da na yi. Shekara talatin da biyar yana tara sunayen iyaye da kakanni da 'yan dako da suka koyar da yaransa, ni kuma na zo na share su don kada su cika wuri.

Na ce zan goge taskar daga kowane tab. Ya ce in bar ta, ai ta riga ta shiga wayoyi, kuma wani zai amfana. Na ce to ya dawo da tambayar. Ya ce, "Wacce? Duk wadda na sani, abin nan ya riga ni sani."

Ranar Juma'arsa ta ƙarshe na shiga ajin na zauna a baya. Ya koyar da darasinsa a kan iskar damina kamar gobe ma zai dawo. Saura minti biyar ya rufe littafi. Na ga ya tsaya yana juya alli a hannu. Sai ya share kusurwar allo, ko da yake babu abin sharewa, ya rubuta: Wane abu ne ya fi komai tsufa a gidanku, kuma wa ya kawo shi? Ya ce in buɗe kabad in ba Ashraf tab ya duba. Ashraf ya yi ta latse-latse, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan babu ita." Wata yarinya, Kausar, ta ce, "To mece ce amsar?" Malam ya ce, "Ni ma ban sani ba. Sai Litinin." Kausar ta ce, "Ai ba ka nan ranar Litinin." Ya ce, "Haka ne," ya ɗauki littafinsa ya fita.

Ranar Litinin ni aka ba ajin kafin a turo sabon malami. Tun daga bakin ƙofa na ji hayaniyar da rabona da jin irinta tun ina ɗaliba. Wani yaro, Mwadkon, ya zo da wata 'yar fartanya da bakinta ya cinye saura kaɗan, ta kakan kakansa, wadda aka yi noman acca da ita. Kausar ta zo da tasa mai murfi da aka yi wa kakarta jere da ita, an ce ta dawo da ita kafin azahar ko ta sha duka. Firisila ta naɗo muryar kakarta a waya tana ba da labarin wani keken ɗinki da aka ɗauko a jirgin ƙasa, tsohuwar tana magana tana dariya tana tari. Ashraf kuwa, sarkin latse-latse, hannu wofi ya zo, idonsa ja. Ya ce ya tambayi babansa, baban ya fito da wata tsohuwar fitilar ƙwai, suka yi hira har ya ji sunan kakansa na gaskiya, wanda bai taɓa sani ba. Kowa na son ya riga kowa magana, kuma kowa na waiwayen ƙofa. Na kafa tab a kan tebur na ɗauki bidiyonsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon na sa kowane yaro ya fara da sunansa da sunan wanda ya faɗa masa.

Ranar Asabar na nemi izinin Misis Obiageli, na shiga mota zuwa Kuru da tab ɗin a jaka. Na same shi a bayan gidan mahaifinsa yana ban ruwan kabeji, da kwat ɗinsa. Kwanon wankin kuzan nan yake ɗibar ruwa da shi. Muka gaisa, na zauna a kan dutse, na kunna, na miƙa masa, na ce nan kawai zai taɓa. Ina ta zumuɗi in ga fuskarsa.

Ya goge hannunsa a jikin kwat, ya karɓa da hannu biyu. Ya kalli hoton Mwadkon da ya tsaya cak da fartanya a hannu. Yatsansa ya kai kusa, sai ya janye. Ya ce, "Su nawa suka kawo?" Na ce talatin da bakwai. Ya maimaita, "Talatin da bakwai." Sai ya kashe tab ɗin ya sa a aljihun kwat.

Na ce, "Haba Malam! Tun daga Jos fa na zo."

Ya ce, "Yau Asabar, 'Yar Direba. Ki bar ni in ji ƙishinsa. Rabona da jiran Litinin an daɗe."

Na dawo gida ina masifa ni kaɗai a mota, ina share hawaye da bakin mayafi. Ranar Litinin bayan la'asar wayata ta yi ƙara, ashe Malam ne. Ko gaisuwa ban bari ya gama ba na ce ya kalla? Ya ce sau uku. Ya ce in faɗa wa Ashraf ya koma ya tambayi inda aka sayi fitilar. Ya ce duk ya rubuta sunayen a littafi, shafi biyu suka ci, kuma akwai sauran shafuka da yawa. Ina jin kukan awakinsa ta cikin wayar.

Sai ya ce, "Ummusalma, Juma'ar nan me za ki tambaye su?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya ce, "Madalla. Kada ki duba a ko'ina. Kina da kwana huɗu."